Hoton Fasfo: Abin da Matafiyi Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Zauna Gaban Mai Hoto

Duk wanda ya saba shiga motar Maraɗi daga Katsina ya san wurin da hira ke yankewa. Da direba ya rage wuta a Magamar Jibiya, sai ka ga maza sun shiga laluben aljihu, mata na zuge jaka. Jami'in shige da fice zai karɓi takardarka, ya dubi hoto, ya ɗaga kai ya dube ka, ya sake mai da ido kan hoton. In an ƙetara aka isa Ɗan Isa, haka za a sake yi maka, sai dai kaki ya canza, harshen takarda ya koma Faransanci. A kan wannan ɗan kallo muke so mu yi wa jama'a bayani, domin mutane da yawa na asarar kuɗi da kwanaki saboda hoton da bai kai kwalin ashana girma ba.

Wani zai ce, mu da Maraɗi har sai an nemi hoto? Tambayar tana bisa hanya. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa suka zauna a Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin can. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo daga baya suka ja layi, suka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, wa ya tashi a wannan ƙasa, ƙane a waccan. A wancan zamani fuskar mutum ita ce takardarsa, kuma wanzami ne ya rubuta ta. Da Bagobirin Tsibiri ya shigo kasuwa, tsagar kumatunsa ta riga ta faɗi asalinsa tun bai buɗe baki ba. In baƙo ne falke, fatomansa ke tsaya masa. Yau kuwa jami'in da ke bakin iyaka wataƙila daga Kalaba aka turo shi, ko daga Dosso. Bai san mahaifinka ba, bai san unguwarku ba. Abin da ke hannunsa kawai shi ne hoton nan, shi zai tsaya maka a matsayin fatoma.

Sa hoto a fasfo ba tsohon abu ba ne can-can. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawo shi, lokacin da ƙasashe suka tsorata da 'yan leƙen asiri. Amurka ta fara neman hoto a ƙarshen 1914, Ingila ta bi a 1915. Da fari babu wata ƙa'ida, kowa ya kawo abin da ya samu a gida, wani da malafa, wani tare da iyalinsa duka. A 1920 aka yi taro a Faris aka daidaita fasalin fasfo ya zama ɗan littafi. Yanzu hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada, ita ke shata ƙa'idar da ƙasashe ke bi: fuska ta kalli gaba sosai, ido a buɗe, baki a rufe, babu inuwa, babu abin da ya rufe fuska.

To amma a nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Wannan ƙa'ida ginshiƙi ce kawai, kowace ƙasa ta ɗora nata gini a kai. Mu a nan da an ce "hoton fasfo", abu guda muke nufi: ka ba mai hoto kuɗi, ya wanke maka guda takwas, ka zuba a ambulan, kana cire ɗai-ɗai, yau na makaranta, gobe na banki, jibi na neman aiki. Sai mutum ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Ka sani, ya mai karatu, Amurka murabba'in hoto take so, inci 2 a tsaye inci 2 a kwance, wato milimita 51 kowane gefe. Ingila, da kuma Faransa da Jamus da sauran ƙasashen Turai masu biza guda, milimita 35 ne faɗi, 45 tsawo. Fasfon Kanada hotonsa ya fi waɗannan girma, 50 da 70, kuma sai an rubuta sunan shagon mai hoton da adireshinsa da ranar ɗauka a baya. Ɗan kasuwar da ke neman bizar ƙasar Sin don sarin kaya, nasa 33 ne da 48.

Kada kuma ka ce ai abu ne mai sauƙi, in hoto ya yi girma sai a sa almakashi. Girman kan ma a cikin hoton an auna shi. Faransa na so daga haɓa zuwa tsakar ka ya zama milimita 32 zuwa 36, Amurka kuma 25 zuwa 35. In ka datse hoton Amurka don ya shiga gurbin na Faransa, takarda za ta yi daidai, kai kuma sau da yawa ya yi ƙanƙanta, a dawo maka da shi.

Sai launin baya. Jan ƙyallen nan da masu hotonmu ke ratayawa a bango, wanda muka saba da shi a takardun makaranta, babu ɗaya daga cikin ƙasashen da muka ambata da za ta karɓe shi. Amurka fari take so ko abin da ya yi kusa da fari. Faransa, abin mamaki, ta hana fari ɗungurungum a hoton fasfonta da katin ɗan ƙasarta, sai ruwan toka mai haske ko shuɗi mai haske. Ingila ta fi son ruwan toka ko ruwan madara. Shekarun hoton ma da magana: Amurka da Faransa ba sa karɓar wanda ya wuce wata 6, Ingila kuwa wata ɗaya tak ta yarda. Saboda haka hoton nan da ka ɗauka tun kana saurayi, kana ta adana shi don ya yi maka kyau, ka bar wa jikoki. Tabarau kuma, tun 1 ga Nuwamba 2016 Amurka ta ce a cire, sai wanda ya kawo takardar likita.

Maganar da ta fi damun jama'armu ita ce ta rufe kai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Yawancin ƙasashe, har da Ingila da Amurka, sun yarda mace ta ɗauki hoto da hijabinta saboda addini, da sharaɗin fuska ta fito fili daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, gefe da gefe kuma a bayyane. Amurka na neman 'yan ƙasarta su haɗa da 'yar takardar da suka sa wa hannu cewa wannan sutura ce ta addini da suke sawa kullum. Faransa ita ce ta fita zakka: a fasfonta da katin ɗan ƙasarta kai a buɗe ake so, ko mace ko namiji, ko wane addini. Wanda ke da 'ya'ya ko dangi masu takardun can, gara ya san da wannan tun da wuri. Ga 'yan uwa mata, shawararmu ita ce a ja hijabi baya kaɗan kada ya sauko kan gira, a kuma guji farin hijabi in bangon fari ne, don in fari ya haɗu da fari sai a ga fuska tana lilo babu kai babu kafaɗa. Niƙabi dole a ɗage shi lokacin ɗauka, kuma babu laifi mace ta roƙi a haɗa ta da jami'a mace. Maza kuwa, hula ba ta samun rangwamen da hijabi ke samu a ƙasashe da yawa. Na san dattijo ya cire hula a gaban yara abu ne mai nauyi a wurinmu, amma daƙiƙa biyar ce, kuma ta fi a dawo da takarda.

Akwai wata sabuwar ɓarna da ta shigo da kwamfuta, ita kam na gan ta da idona. Na taɓa raka goggona wani shagon hoto, za a haɗa mata takardun Umra. Tsohuwa ce baƙa, mai tsaga a kumatu biyu. Yaron shagon ya ɗauka, ya juya mana baya yana ta danne-danne, can sai ga hoto ya fito: fata ta yi jawur, tsaga ta ɓace, tamoji ya miƙe. Goggo ta riƙe hoton da nisa, ta matso da shi kusa, ta ce, "Ɗan nan, wagga ɗiyar wa ce? Ni dai ban san ta ba."

Ya ce, "Hajiya, ai ke ce. Gyara ki na yi."

Ta ce, "To mai da ni yadda ka gan ni, Allah shi yi maka albarka. Tsagar nan da ka share, da ita uwata ta san ni."

Mun yi dariya, amma tsohuwar ta fi mu gaskiya. Yaron ba mugunta ya yi ba, abin da amare ke biyansa ya yi musu ke nan, hannunsa ya saba. Sai dai hoton takarda ba na ɗaurin aure ba ne. A tsofaffin fasfo har gurbi ake warewa na rubuta alamun da ke jikin mutum, tabo ko tsaga, domin su ne ke bambanta shi da wani. Duk mai hoton da ya goge su ya rage wa takardar ƙarfi. Haka nan hoton waya da aka bi da shi ta manhajar ƙara haske da siranta hanci. Ka gaya wa mai hoto tun kafin ka zauna: ban son gyara.

Dalilin tsananin shi ne, yau ba idon mutum kaɗai ke duba hoto ba. Tun 2007 Nijeriya ta koma fasfo mai ɗan ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, wanda ke ɗauke da hoton fuska da zanen yatsu. A manyan filayen jirgi na'ura ce ke gwada fuskar da ke tsaye da wadda ke cikin littafin, tana auna tazarar idanu da zaman hanci da baki. Shi ya sa ake cewa kada a washe baki, kada a ɗaure fuska, kada a karkata kai irin na masu yanga. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ita na'ura ba labarin zuciya take nema ba, awo take yi. Wannan kuma ya isa gargaɗi ga masu aron katin wa ko na ƙane don sun yi kama. Kama da wane ba ta wane, kuma laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, shi da wanda ya ba shi aron.

Ga mai neman fasfon Nijeriya, akwai ranar da za a kira shi ofishin shige da fice a ɗauki hotonsa da yatsunsa, abin da mutane ke kira kafcarin. Ranar nan zuwa da kai ne, ba a aike. Ka tuna hoton da za a ɗauka zai iya bin ka shekara 10, tunda daga 2019 akwai fasfon manya mai wannan tsawon wa'adi. A sa tufa mai ɗan duhu. Mata su rage kwalliya, su kuma dakata da ƙunshi in ranar ta matso, don lalle mai kauri a kan yatsu na hana na'ura karanta zanen. Sunan da ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da ranar haihuwa su dace da abin da aka cika a takarda, in ba haka ba hoto ko ya fi na kowa kyau ba inda za a je.

Jariri ma da nasa hoton, shi kaɗai, ba a goye ba, ba a cinya ba, hannun uwa kada ya fito. Dabarar ita ce a shimfiɗa farin zane, a kwantar da shi rigingine, a ɗauka daga sama. Ingila ta sauƙaƙa, ta ce wanda bai kai shekara ɗaya ba ko idonsa a rufe an karɓa.

Mu dawo Magama. Shekaru da yawa yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 babu biza, ta sa mutanenmu sun saki jiki, wasu ma sun manta cewa ko a ƙarƙashinta ana bukatar takardar tafiya mai rai da katin rigakafin shawara. To zamani ya juya. An rufe iyaka a Agusta 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. A 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu masu tambarinta har sai an ji sanarwa. Ga kuma matsalar tsaro da kowa a wannan yanki ya san ta. A irin wannan hali jami'i, namu ko jandarman can, ba zai yi wa takarda kallon tsoro ba.

Saboda haka kafin ka kama hanya, fito da katinka ko fasfonka ka dube shi da rana tsaka. Da yawa daga cikinmu a aljihun gaba muke ajiye su, gumi ya jiƙa, damina ta taɓa, leda ta ɗaye, har fuskar da ke jiki ta koma kamar an shafa mata toka. Miƙa wa yaron gidanku ka tambaye shi wane ne wannan. In ya tsaya yana tunani, je ka sabunta tun kana gida. In kuwa takardar wata ƙasa za ka nema, fara tambayar ofishin da zai karɓa girman hoto da launin baya da yawan kwafi, ka rubuta a takarda, sannan ka nufi mai hoto da ita a hannu. A bakin iyaka in aka ce ka sauko ka tsaya gefe, direba zai jira ka minti biyar, ya ƙara biyar don kunya. Daga nan fasinjoji su fara tsaki, yaron mota ya hau sama ya sauko maka da buhunka a bakin titi, kuɗin mota kuma ba a mayarwa.