Amsar Wasiƙu: Makon Zaɓen 'Yan Mata a Jami'o'in Amurka

Wasiƙun da kuka aiko wa shirinmu a wannan mako suna da yawa, amma akwai guda wadda na ga ya wajaba in ba ta mafi yawan lokacinmu, domin mai ita yana cikin damuwa, kuma mas'alar da ya kawo ta shafi iyaye da dama waɗanda Allah ya nufi 'ya'yansu da neman ilmi a ƙasashe masu nisa.

Wani Alhaji ne daga birnin Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, yake cewa: "Hajiya, bayan gaisuwa da fatan alheri, 'yata tana shekarar farko a wata jami'a a Amurka, ta bugo mini waya tana neman izini da kuɗi don ta shiga wani mako na zaɓen 'yan mata cikin irin ƙungiyar da suke kira sororiti. Ni kuwa da na ji an ce ƙungiya mai rantsuwa a jami'a sai gabana ya faɗi, don na san ta'asar da ƙungiyoyin asiri suka yi a makarantunmu. Na taɓa jin kin ce a can kika yi karatu. Don Allah ki faɗa mini gaskiyar al'amarin."

To Alhaji, tsoronka yana da hujja, domin duk wanda ya san yadda ƙungiyar Pyrates, wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba da nufin zub da jini ba, ta zama mafarin wasu ƙungiyoyi da suka biyo baya suka riƙi makami, ba zai ga laifin uban da ya firgita ba. Amma abin da 'yarka take nufi wani abu ne dabam, wanda hukumar jami'a ta san da zamansa, yana da gidaje a sarari da sunansa a rubuce a bakin ƙofa, kuma illarsa, wadda zan zo kanta, ba ta makami ba ce.

Asalin ta'adar ya faro ne a 1776, lokacin da wasu ɗalibai maza na Kwalejin William da Mary a jihar Birjiniya suka kafa ƙungiya suka raɗa mata suna da haruffa uku na harshen Girkawa, wato Phi Beta Kappa. Mata suka fara tasu a 1851 a Kwalejin Wesleyan ta garin Macon a jihar Jojiya. Sa'an nan a 1870 wasu 'yan mata huɗu a jami'ar da yanzu ake kira DePauw a jihar Indiyana, waɗanda suka sami kansu 'yan ƙalilan a tsakanin mazan da ba duka ne suka yi maraba da su ba, suka kafa Kappa Alpha Theta domin su ƙarfafi juna. A 1902 irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi majalisa guda, wadda a yau take da ƙungiyoyi 26 a ƙarƙashinta, ita ce kuma ta shimfiɗa ƙa'idojin makon zaɓen da kake tambaya a kai.

Ni na shiga wannan mako da ƙafata a cikin shekarun 1970, sa'ad da aka tura ni karatun koyarwa a wata jami'a ta tsakiyar ƙasar, a wani gari da gonakin masara suka kewaye ta kowace fuska. Yarinyar da aka haɗa mu ɗaki, Baturiya ce mai kirki da sakin fuska, ita ta ja ni, ni kuwa kewar gida ta riga ta yi mini yawa har ba ni da ƙarfin cewa a'a. Muka biya kuɗin rajista, muka cika takarda wadda, bayan suna da sakamakon jarrabawa, take tambayar ko mahaifiyarki ko kakarki ko yayarki ta taɓa zama 'yar wata ƙungiya. Aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da jagora daga cikin manyan ɗalibai, wadda aka wajabta mata ta ɓoye sunan ƙungiyarta har a gama, don kada ta karkatar da zuciyar kowa.

Ranar farko muka jeru a ƙofar gida na farko, kowace da sunanta maƙale a ƙirji, ana buɗe ƙofa sai ga 'yan mata cike da zaure suna waƙa suna tafi, ɗaya ta fito ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta miƙo mini ruwan lemo, ta shiga tambayata garinmu da abin da nake karantawa. Kafin in gama ba ta amsa wata ta zo ta karɓe ta, ita ma ta soma daga farko, har aka kaɗa ƙararrawa muka fito muka nufi gida na gaba. Haka muka wuni, murmushi har muƙamuƙi ya gaji. Abin da ba mu gani da ido ba shi ne zaman da suke yi da dare bayan mun tafi, inda ake kiran sunanmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka zanta da mu su faɗi ra'ayinsu, a jefa ƙuri'a. Da safe kowace ta karɓi takardarta ta ga gidajen da suka sake gayyatarta, kullum adadin yana raguwa. Daren ƙarshe na kyandir ne da waƙoƙi masu sanyi da hawaye, bayansa kowace yarinya ta rubuta gidajen da take so bisa jeri, gidajen su ma su jera sunaye, a haɗa lissafin biyu a ɓoye. Wannan haɗin har masana tattalin arziki sun mai da shi abin nazari, cikinsu da Alvin Roth, wanda ya yi rubutu a kansa a 1991 kafin ya sami lambar Nobel a 2012. In kana son ka fahimci abin a taƙaice, Alhaji, ka ɗauke shi kamar neman aure, da binciken asalinsa da shaidar manya, sai dai an matse shi cikin 'yan kwanaki, kuma ɗaruruwan 'yan mata ake yi wa a lokaci guda.

Abu biyu suke da nauyi a wancan zamani waɗanda ba ni da ko ɗaya: takardar shaida daga wata tsohuwar 'yar ƙungiya wadda ta san gidanku, da kuma nasaba. Na uku, wanda ba a furta shi, shi ne launin fata. Tsakani da Allah babu wadda ta ci mutuncina. Sun yaba ɗankwalina, sun riƙe hannuna suna kallon lalle, sun yi ta tambaya a kan Afirka, amma kafin a kai tsakiyar mako takardata ta zo babu gayyata ko ɗaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Duk da haka ciwona bai kama ƙafar na abokiyar ɗakina ba, wadda tun tana ƙarama mahaifiyarta take nuna mata 'yar alamar zinariya ta ƙungiyarta tana cewa wata rana za ta maƙala mata, ta kai har daren kyandir, gari ya waye gidan ƙungiyar mahaifiyar tata bai zaɓe ta ba. Ta kwana tana kuka, ta kasa ɗaga waya ta gaya wa uwar, alhali ba wanda ya faɗa mata laifinta, domin ƙa'ida ce ba a bayyana dalili. A nan hukuncina yake, kuma shekaru ba su sauya shi ba: zalunci ne a auna darajar yarinya 'yar shekara 18, wadda ta bar gidan iyayenta jiya-jiya, da hirar 'yan mintoci da tufafin jikinta da sunan kakarta, sa'an nan a rufe mata ƙofa ba tare da bayani ba.

Wannan rufin ƙofa yana cikin dalilan da suka sa baƙaƙen fata suka kafa nasu. A Jami'ar Howard ta birnin Washinton aka kafa Alpha Kappa Alpha a 1908, wadda Kamala Harris ta shiga tana ɗaliba, sai Delta Sigma Theta a 1913, wadda 'ya'yanta suka fita jerin gwanon neman wa mata 'yancin ƙuri'a a cikin shekarar da aka kafa ta. Su ba sa yin wancan makon yawo gida-gida. Sukan jira ɗaliba ta nuna ƙwazonta a karatu da hidimar jama'a tukuna. Kada kuma a zaci wariyar ta mutu tun da daɗewa, domin a 2013, shekara 50 bayan gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofa don hana baƙaƙe shiga Jami'ar Alabama, jaridar ɗaliban jami'ar ta fallasa yadda ake hana 'yan mata baƙaƙe shiga gidajen Turawa, galibi da matsin tsofaffin 'yan ƙungiya, sai da hukumar jami'ar ta sa baki kafin aka buɗe.

Adalci kuwa ya wajabta in faɗi alherin da na gani. Waɗanda aka karɓa sun sami gida mai dattijuwa da ke lura da su, da sa'o'in karatu na tilas, da 'yar'uwa babba wadda aka ɗora wa amanar kowace sabuwa, da aikin tara sadaka ga asibitoci da makarantu. Na kuma san waɗanda zumuncinsu ya ɗore har tsufa, suna halartar auren 'ya'yan juna da jana'izar iyayen juna.

Da muka sanar a makon jiya cewa za mu taɓo wannan batu, wata ɗaliba daga Maraɗi ta aiko tana cewa: "Inna, shin Musulmi suna da irin tasu?" Suna da ita, 'yata. A 2005 aka kafa Gamma Gamma Chi domin mata Musulmi, babu giya babu cakuɗuwa da maza, sai dai ba ta yaɗu sosai ba. Wadda za ki tarar a mafi yawan jami'o'i ita ce Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Jami'ar Ilinoi a 1963, a cikinta ni ma na sami waɗanda muka yi buɗa-baki da sallar idi tare.

Mu koma kanka, Alhaji. Fatawar halacci ta malamai ce, amma malami ma sai an kawo masa surar mas'ala cikakkiya kafin ya yi hukunci, saboda haka ka nemi 'yarka ta faɗa maka sunan ƙungiyar, da ko jami'a ta amince da ita, da jimlar kuɗin shekara, wanda a wasu wurare yakan kai dubban daloli in an haɗa da ɗaki da abinci da tufafi. Ka sani cewa yawancin gidajen matan sun haramta giya a cikinsu, amma shagulgulan da suke yi da ƙungiyoyin maza nan ne giya take, nan ne kuma mafi yawan ɓarna take aukuwa. Ta tambayi abin da rantsuwar shiga ta ƙunsa tun kafin ta ɗaga hannu, domin wasu bukukuwan nasu suna da ibadar Kiristanci a ciki, kuma wadda aka rantsar a ɗaya daga ƙungiyoyin nan 26 ba ta da damar shiga wata daga cikinsu har abada. Ta bincika tarihin gidan game da azabtar da sababbin shiga, abin da yanzu ya yi sauƙi, tun da dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2024 ta tilasta wa jami'o'i su bayyana irin waɗannan laifuffuka. Ta kuma tambaya ƙarara ko za a bar ta da lulluɓinta da lokutan sallarta.

Ni da 'yata ce, ba zan tura ta ba, amma kuma ba zan daka mata tsawa ba, domin yarinyar da ta nemi izininka alhali tana iya yi ba da saninka ba, ta cancanci a saurare ta, kuma mafi yawa kaɗaici ne yake kai baƙuwa wannan ƙofa. Ka kira ta yau, ka tambaye ta da wa take cin abinci, wa take zama da shi ranar Juma'a, ka haɗa ta da iyalan Musulmi na garin da take. In ta kawo maka amsoshin, ka sake rubuto mana mu duba tare. Allah ya tsare mana zuriya a duk inda suke.