Idan Aljihun Faifai Ya Ƙi Buɗewa

'Yan'uwa, wasunmu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa har yanzu da tsofaffin kwamfutoci muke aiki, irin masu aljihun saka faifai. A kan faya-fayen nan muke ajiye darussan noma da na tsabtar ruwa, wani lokaci har da sunayen waɗanda suka karɓi tallafi. Ranar da aljihun ya ƙi fitowa, faifai yana ciki, jama'a suna jira, sai wani ya ɗauko wuƙa zai ɓamɓare shi. Kada mu yi haka. Haƙoran da ke tura aljihun na roba ne. In suka karye sai an kai Funtuwa ko Malumfashi, kuma mun san kuɗin mota da halin da hanyoyinmu suke ciki.

Mu fara da abu mai sauƙi. Mu rufe duk abin da ke karanta faifan, mu danna maɓallin sau ɗaya, mu jira. In bai fito ba, mu nemo hoton faifan a cikin Windows, mu danna shi da ɓangaren dama na linzami, mu zaɓi Eject. Ko kuwa mu kashe kwamfutar mu sake kunnawa, mu danna maɓallin tun tana farkawa.

Daga nan sai mu kasa kunne. In babu motsi, ƙaramar fitilar gaba ma ba ta kama ba, wataƙila wuta ce ba ta isa wurin. Amma in mun ji inji yana gurnani aljihu bai fito ba, yawanci laifin bel ne. A kwamfutar tebur akwai ɗan siririn bel na roba da ke jan aljihun. Zafin bazara yana sa ya saki, ƙurar hunturu tana sa ya yi santsi. Akwai kuma maganaɗisu da ke riƙe faifai a ciki, bel da ya gaji ba ya iya raba shi. Shi ya sa aljihun da babu komai a ciki yakan fi taurin kai. Mu ɗan ƙwanƙwasa fuskarsa da yatsa muna danna maɓallin, sau da yawa sai ya fito.

In duk sun ƙi, masu ƙera shi sun bar mana hanya. Kusa da maɓallin akwai wani ɗan rami kamar na allura. Mu kashe kwamfutar tukuna, mu zare waya, domin faifai yana iya juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Sai mu miƙar da kilif na haɗa takardu, mu tura shi kai tsaye cikin ramin har mu ji ya taɓa abu, mu ƙara dannawa. Aljihun zai leƙo, sai mu ja shi a hankali da hannu. Ban da tsinke ko ashana, sukan karye a ciki. Kwamfutar hannu ma tana da wannan rami.

Da faifan ya fito, mu kwafe abin da ke kansa zuwa filash, domin yawancin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da aljihun faifai. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar GB 4.7, filash mai GB 16 zai ɗauki uku cikakku.