Abin Da Fiziks Ya Koya Mini A Ramin Tsalle

'Yan'uwana ɗalibai, sa'ad da na shigo kwalejin nan darussa biyu ne suka raba mini hankali. Na ɗaya shi ne Motsa Jiki, wanda nake so ƙwarai, domin tun ina makarantar mishan ta ƙauyenmu ba wanda ya fi ni tsalle. Na biyu kuwa Fiziks, wanda in an kaɗa ƙararrawarsa sai in ji kamar zazzaɓi zai kama ni. Nakan ce a raina, ina ruwan mai koyar da yaran firamare da lissafin faɗuwar dutse? Ashe da ruwansa.

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye. Ran nan da safe na fita da 'yan aji shida filin wasa, muka kafa sanduna biyu, muka gitta karan dawa, ga ramin yashi a baya. Rani ne, yashin ya daskare kamar daɓe, ni kuwa ban sa an kafce shi ba. Ana cikin tsalle sai wani yaro ya sheƙo a guje, ya juya wa karan baya, ya tashi rigingine kamar yadda ya gani a wayar wansa. Ya ƙetare kam, amma ya faɗo da gadon baya, tim! Ya yi shiru, numfashi ya ƙi fita. Sai da aka jima kāna ya shaƙi iska ya fashe da kuka. Aka kai shi asibiti, aka tarar ba karaya. Da yamma Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, da a ce da wuya ya sauka fa?" Na rasa ta cewa.

Da na komo kwaleji na kwashe labari na gaya wa malaminmu na Fiziks. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce in buɗe littafina wurin da muka yi cibiyar nauyi, darasin da na yi gyangyaɗi a cikinsa.

To, kowane abu yana da wuri guda inda nauyinsa duka yake kamar ya taru. Ɗora rula a kan yatsa, inda ta tsaya ba ta rinjaya ba, nan ne cibiyar nauyinta. Ta mutum in yana tsaye tana cikin jiki, ƙasa da cibiyarsa kaɗan. In kuna so ku ji aikinta, ku jingina da bango, diddige da baya duk suna taɓa shi, sa'an nan ku gwada ɗaukar kwabo a ƙasa ba tare da kun ɗaga ƙafa ko kun lanƙwasa gwiwa ba. Ba za ku iya ba, gama da cibiyar nauyi ta wuce kan yatsun ƙafa sai faɗuwa. Abin mamaki kuma, ba dole ba ne ta zauna cikin jikin abin. Dubi awarwaro, tasa tana tsakiya, inda babu kome sai iska.

Mai tsalle cibiyar nauyinsa yake jefawa sama, da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa kuwa ba shi da ikon ƙara mata tsawo ko na ƙwayar gero. Abin da ya rage masa shi ne yadda zai shirya gaɓoɓinsa kewaye da ita. Mai tsallen almakashi, watau irin wanda muka saba, yana ƙetarewa a zaune, saboda haka sai ya ɗaga cibiyar nauyinsa fiye da taƙi guda bisa sanda. Wanda ya lanƙwashe bayansa kamar baka kuwa, kai ya riga ya gangara can, ƙafafu suna nan tukuna, cibiyar nauyinsa takan bi dab da sandar, har ma tana iya bi ta ƙarƙashinta. Wannan ita ce dabarar da Dik Fosburi, mutumin Amurka, ya ci zinariya da ita a wasannin Olamfik na Meziko a 1968, ya ƙetare mita 2.24. Da ita kuma Sotomayo na Kuba ya ƙetare mita 2.45 a 1993. Yaron nan nawa bai yi wauta wajen zaɓen dabara ba.

Amma akwai abin da bai lura da shi ba cikin hoton, watau katifar soso mai kauri da ake faɗawa a kai. Kafin a sami irin wannan katifa, kan yashi ko garin katako ake sauka, shi ya sa mutanen dā suke neman sauka da ƙafa ko da hannu. A zamanin nan ne Emmanuel Ifeajuna na Nijeriya ya ci zinariya a Bankuba ta ƙasar Kanada a 1954, da ƙafa 6 da inci 8. (Abin da ya aikata daga baya a juyin mulkin 1966 sananne ne, ba shi muke magana yau ba.)

Ga lissafin sauka, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ƙarfin da ƙasa take bugun mutum da shi ya danganta ga tazarar da jikinsa ya samu ya tsaya a cikinta. Ka raba tsawon faɗuwa da wannan tazara, ka ƙara ɗaya domin nauyin mutumin kansa. A ce yaro mai kilo 40 ya faɗo daga mita 1, watau santimita 100. In ya sauka da ƙafa, ya lanƙwasa gwiwa, jikinsa ya nitsa santimita 50 kafin ya tsaya, 100 a raba da 50 ya ba da 2, a ƙara 1 ya zama 3. Ƙafafunsa sun ɗauki nauyinsa sau 3, kamar kilo 120, wannan kuwa ƙafa ta saba. In kuwa ya faɗo da baya kan busasshen yashi, ya tsaya cikin santimita 5, 100 a raba da 5 ya ba da 20, a ƙara 1 ya zama 21. Nauyinsa sau 21 ke nan, kamar kilo 840, ya fi buhun masara takwas na kilo 100. Da na gama wannan lissafi a allo sai na ji hannuna yana rawa.

Mun san wannan tun muna yara, ba mu san sunansa ba ne kawai. Wanda aka jeho wa mangwaro daga kan itace yakan ja hannuwansa baya sa'ad da ya cafe, don kada ya ji zafi, kada kuma mangwaron ya fashe.

Saboda haka ga shawarata ga waɗanda za su fita gwajin koyarwa. Inda babu katifar tsalle ta ainihi, kada ku yarda yaro ya yi tsallen rigingine, ko da ya roƙe ku, katifar kwana kuwa ba ta isa ba. Ku koya musu almakashi, su sauka da ƙafa, gwiwa a sake. Kafin kowane darasi a kafce yashin da fartanya, a tsince duwatsu, in rani ne a yayyafa ruwa. In kuma yaro ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a jijjiga kamar yadda muka yi a ruɗe ran nan, a bar shi kwance yadda yake, a aika a kira ma'aikacin lafiya.

Zan koma makarantar nan a zango mai zuwa. Na riga na nemi awarwaro da rula na sa a jakata, gama 'yan aji shida za su yi darasin cibiyar nauyi a cikin aji kafin mu sake gitta kara.