Kifi Ɗan Kama: Yadda Ake Haɗa Miji da Mata

Yawancinku kun san kifin nan mai launin ruwan goro da farin zane uku, wanda ya fito a fim ɗin Finding Nemo a shekarar 2003. Masana kimiyya suna kiransa Amphiprion, Turawa kuwa sun raɗa masa suna mai ma'anar ɗan kama saboda adon jikinsa. Gidansa tekun Indiya da na Pasifik da Bahar Maliya, inda yake fakewa cikin wata halitta mai harbi, mai kama da fure, wadda ake kira anemoni. Amma yana haihuwa a akwatin gilashi cikin ɗaki ko babu ita.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba a ƙyanƙyashe wannan kifi a mace. Girma ne ke raba musu matsayi. Wanda ya fi kowa girma a gida shi ke zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran kuwa sai jira. In macen ta mutu, jikin mijin yakan sauya ya koma mace, na ƙasa da shi ya hau matsayin miji. Wadda ta zama mace kuwa ba ta komawa namiji har abada. Da masu fim sun bi darasin nan, da uban Nemo ya zama uwa!

Saboda haka mai kiwo ba ya neman namiji da mace a kasuwa. Ƙanana biyu yakan saya, ɗaya ya ɗara ɗaya girma. Kwanakin farko akwai kora da cizo. In ƙaramin ya karkata jikinsa yana karkarwa gaban babban, to ya sallama ke nan, an daidaita. Wanda ya yi gaggawa ya sayo manya biyu, wataƙila mata biyu ya haɗa, kuma faɗansu kan kai ga mutuwar ɗaya. A ganina, yawancin hasara daga nan take farawa.

Ruwan dole ya zama na gishirin teku, kamar giram 35 a lita, da ɗumi kimanin digiri 27. Gishirin miya ba zai yi ba. Idan sun shirya, sukan share wani dutse ko kasko da baki, macen ta manna ɗaruruwan ƙwai a kai. Daga nan aikin miji ne. Yana yi musu fifita da fukafukinsa don su sami iska, yana tsince waɗanda suka lalace. Ku tuna da karfasa tamu, inda uwa ce ke riƙe ƙwai a baki.

Bayan kwana 7 zuwa 10, da dare, 'ya'yan su fito. Sai a raba su da iyayensu nan da nan, a ba su wasu ƙwayoyin halitta na ruwa da ake kira rotifa, gama bakinsu bai isa cin wani abu ba tukuna.