Kafin Ka Ce a Yi Mata Fomatin

"Injiniya, ta yi nauyi, a yi mata fomatin." Babu maganar da na fi ji a shagona kamar wannan. Mai kwamfuta ya zo da ciwo, ya kuma taho da maganinsa a baki. Sau da yawa in na kwance ta sai in tarar ciwon yana wani wuri dabam. Da an goge ta, da an yi asarar kaya a banza, bayan mako biyu kuma ta koma gidan jiya. Shi ya sa nake so in nuna muku cikinta, yadda nake ganinsa kullum a kan teburina.

Ku ɗauki kwamfuta tamkar shagon ɗinki ana saura kwana uku Sallah. Furosesa shi ne tela, duk wani aiki ta hannunsa yake bi. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadin da yake yankawa yanzu. Ma'ajiya kuwa ita ce kabad ɗin da kayan jama'a suke kwana a ciki. Madabod shi ne ginin shagon kansa, da wayoyinsa da hanyoyin da suka haɗa kowa da kowa.

Masu sayen kwamfuta ta hannu sun fi faɗa wa rami a wajen furosesa. Mutum ya ji an ce Core i5 ce, sai ya ƙirga kuɗi. Alhali i5 tsara-tsara ce. Mai lamba 2520M ta fito a 2011, tela biyu ne a cikinta. Mai lamba 8250U ta fito a 2017, tela huɗu ne. A waɗannan lambobi biyu, alƙalamin farko shi ne yake gaya maka tsarar. Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, ga shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga tsara ta 8 ta Intel take farawa. Ka duba lambar kafin ka biya.

Teburin tela in ya yi ƙanƙanta, ko telan ya kai gwani dole aiki ya tsaya, don zai yi ta kai da komo tsakanin tebur da kabad. Haka kwamfuta mai RAM gigabait 4 take yi in ka buɗe shafukan intanet da yawa tare da Word. Ba bairos ba ne, wuri ne ya ƙare. Gigabait 8 ya wadaci ɗalibi da ma'aikacin ofis. Sai dai RAM iri-iri ne, DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, wasu kwamfutocin ma an liƙe nasu a jikin madabod, ba a ƙari. Ka kuma sani, da wuta ta yanke ana share teburin nan tas. Abin da ba ka adana ba ya tafi.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohuwar, wato HDD, faifai ne a cikinta da yake juyawa sau 5400 a minti ɗaya a yawancin laftof, wato sau 90 a daƙiƙa. Akwai ɗan hannu mai karatu da yake shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. To ka ƙiyasta abin da zai faru in ta faɗo daga kan gado tana kunne. Sabuwar, wato SSD, ba abin da ke motsi a cikinta. Tsohuwar tana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, mai sauƙin kuɗi a cikin SSD tana kai 500. Na sha sauya wannan kaɗai, mai kwamfutar ya fasa sayen sabuwa.

Kana iya gane wanda ya gaji tun daga gida. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ka ga nauyin da ke kan furosesa da RAM da ma'ajiya. Wanda ya tsaya a kashi 100 ko kusa da haka bai sauka ba, nan ciwon yake.

Sai zafi da ƙura, waɗanda mu nan ba ma rabuwa da su. Furosesa in ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya faskara ya kashe kwamfutar. Bayan hunturu nakan ciro ƙura a bakin fanka ta dunƙule kamar auduga, man sanyaya da ke kan furosesa kuma ya bushe ya farfashe. A riƙa share kwamfutar ko sau ɗaya a shekara, a daina ɗora ta kan katifa ko filo, don ta ƙasa take shaƙar iska. Caja kuma, araha ba ta ado. Karanta rubutun da ke jikin ta asali: in bolt 19.5 ne, wadda za ka saya ma ta zama 19.5. In za a tada janareta, zare ta daga soket sai wuta ta daidaita.

Duk abin da na lissafa yana kasuwa. Fanka, RAM, caja, har madabod, kuɗi ne. Abu ɗaya ne ba na iya sayo wa kowa. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta taɓa kawo mini laftof ɗinta, na kunna na ji ma'ajiyar tana ƙas, ƙas, ƙas. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ya yi makonni, ta ɗauka fanka ce. Na ce, "Ƙanwata, akwai wani wurin da kika ajiye aikin nan?" Ta girgiza kai. "Malam, babi huɗu ne, don Allah ka gwada." Kwana biyu ina gwadawa, faifan ya riga ya karce. Na sa mata sabuwar ma'ajiya cikin rabin awa, kwamfutar ta tashi garau, amma babu komai nata a ciki.

HDD takan yi kuka kafin ta mutu, SSD kuwa tana iya tafiya ba sallama. Saboda haka yau ɗin nan, tun tana lafiya, ka kwafi abin da ba za ka iya jure rasawa ba, ka sa a filas, ka kuma tura wani kwafin imel ɗinka ko Google Drive. In kuma ka ji tana wannan ƙarar, kashe ta nan take, kada ka yi ta sake kunnawa, ka kai wa wanda ya san aikin. Sauran gyaran namu ne, wannan kuwa naka ne.