Yaro da fo a Ingila: jagora ga sabuwar zuwa

Uwar da ta iso Ingila da goyo, daga Kano ko Damagaram ko Zangon Kumasi, ba za ta daɗe ba za ta ga abin mamaki a filin wasan yara: ɗan shekara uku, bakinsa ya buɗe sarai, amma da famfas a gindinsa. A gida tun yaro bai iya zama ba ake ɗora shi a ƙafa bayan ya sha nono, ana yi masa 'yar ƙara da baki har ya gane abin da ake nufi, kuma kafin yaye da yawa sun saba da fo. Sai uwa ta fara zaton ko wannan ƙauyanci ne da ya kamata ta baro a filin jirgi. Kada ki baro shi, 'yar'uwa.

Jinkirin nan ko a wurin Turawa ba daɗaɗɗe ba ne. Pampers ya shiga kasuwa a 1961, a 1962 kuma wani likitan yara na Amurka, T. Berry Brazelton, ya fito da ra'ayin a jira sai yaro ya nuna ya shirya da kansa. Abu biyun suka haɗu: uwa ta huta da wankin kunzugu, yaro kuma ba ya jin jiƙa balle ta dame shi. Yanzu magana ta juya. ERIC, ƙungiyar agaji da ke Bristol mai kula da lafiyar hanji da mafitsarar yara, tana ba da shawarar a raba yawancin yara da famfas tsakanin wata 18 da wata 30, a kuma fara zaunar da su kan fo tun kafin nan. A wani bincike da ƙungiyar Kindred Squared ta fitar a 2024, malamai sun ce kusan yaro ɗaya cikin huɗu yana shiga ajin share fage na firamare bai iya zuwa banɗaki ba. Wato tsarin kakanninmu ya fi kusa da abin da masana ke faɗa yau.

Abin da ya canja shi ne gida. Nan babu tsakar gida da za a saki yaro ba wando, akwai kafet na gidan haya da sanyi. Ki zaɓi makon da ba ku da tafiya, ki ajiye fo a inda yaro yake wuni, ki sa masa wando mai sauƙin zamewa. Ki zaunar da shi bayan cin abinci da minti ashirin zuwa talatin, don a lokacin hanji ke motsi, na 'yan mintuna kawai. In kin cire famfas da rana, kada ki riƙa mayarwa yau ki cire gobe; rikita yaro ake yi. Maigida ma ya bi tsarin ranar da aka bar masa yaron.

Makarantar raino sai an yi magana da ita. Yaranmu sun saba da buta, can kuwa takarda ce. Ki faɗa wa masu kula da shi kalmar da yake amfani da ita in yana jin fitsari ko kashi, domin yaron da ya ce "fitsari" aka zuba masa ido zai riƙe ne har ya dawo gida. Ki koya masa gogewa da takarda, tsarki kuma ya yi a gida. Mace ta goge daga gaba zuwa baya, ko da ruwa ne.

Riƙewar nan ita ce babbar matsala. Mafitsara tana koyon aikinta ne ta cika ta zubar, ta cika ta zubar. Yaro na buƙatar kofi shida zuwa takwas na abin sha a rana, ruwa ya fi, kuma fitsari sau huɗu zuwa bakwai shi ne daidai. Uwar da ta rage wa yaro ruwa don kada ya jiƙa kafet ta ƙara masa ciwo ne, saboda fitsari mai kauri yana tsokanar mafitsara. Sai kuma abin da iyaye ba sa kawowa a rai: taurin kashi. Yaron da ya bar tuwo da miyar kuka ya koma biskit da burodi da madara, kashi yakan taru ya danne mafitsara, sai ki ga yana tsiyaya a wando ki ɗauka iskanci ne. In ba ya kashi aƙalla sau huɗu a mako, ko yana fita ƙwaya-ƙwaya da kuka, ki kai shi wurin likitan unguwa, wanda ake kira GP. Akwai garin magani da ake kaɗawa a ruwa, kuma maganin yara kyauta ne a NHS, hukumar kiwon lafiyar ƙasar.

Fitsarin kwance daban yake, ba a koyar da barinsa. Ya danganta da wani sinadari da jiki ke fitarwa da dare don rage fitsari, kuma yana bin jini. Kafin shekara biyar ba a ɗaukarsa matsala; bayan nan akwai ƙararrawar da ke tada yaro da kuma magani. Waƙar tsokana da a gida ake tara yara su yi wa mai fitsarin kwance, da bulala, ba su taɓa busar da katifa ba. Nan kuma akwai doka: Scotland ta haramta dukan yara a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma shatin duka a jikin yaro yana iya kawo jami'an kula da yara har gida.

Ma'aikaciyar lafiya mai bibiyar yara za ta gayyace ku a duba yaron tsakanin shekara biyu da biyu da rabi. Ki tafi da jan littafin bayanan lafiyar yaron, ki yi tambayoyinki, ki nemi tafinta in kina so. Amma kada ki jira wannan ranar in yaro yana kuka wajen fitsari, ko fitsarin yana wari da zazzaɓi. In kuma yaron da ya riga ya daina ya koma jiƙa shimfiɗa, ga yawan ƙishirwa da rama, yana iya zama ciwon suga: ki kira GP ko lambar NHS 111 a ranar.