Maganin Faɗan Kaji a Gida

A ƙasarmu ta Gobir, tun daga Alkalawa har Sabon Birni da Isa, da wuya a sami gidan da babu akurki. Amma sau da yawa mukan ga kaza guda tana saran 'yan'uwanta, tana hana su tsaba, har raunanar cikinsu ta rame, ta daina ƙwai, wani sa'i ma ta mutu.

A shekarar 1921 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji suna da daraja hawa-hawa, kowace ta san wadda ta fi ta. Wannan halinsu ne. Abin da ke mai da shi ɓarna shi ne matsi, da yunwa, da yawan zakaru, da zuwan baƙuwa.

To, ga dabara. Mu watsa gero da dusa wuri biyu ko uku, mu ƙara kaskon ruwa, mu riƙa kawo musu gara. Zakara ɗaya ya isa kaji goma. Wadda muka sayo a kasuwa mu keɓe ta mako biyu saboda cuta, sa'an nan mu sa ta akurki da dare. Wadda ta ji rauni mu fid da ita nan da nan, gama kaji in sun ga jini ba su barin sara. Azzalumar kuwa mu kife ta da kwando mai iska, da abinci da ruwa, kwana kaɗan. Kafin ta komo darajarta ta faɗi.

In duk wannan bai hana ta ba, sai mu tuna, sabo da kaza ba ya hana yanka.